Malam Ubaidullahi da Lissafin Kausar

Ƙarfe bakwai na safe Malam Ubaidullahi ke jingine kekensa a gindin darbejiyar makarantarmu ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye bayan Dayi. Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, kuma a wannan watan zai yi ritaya. Kafin ya gaisa da kowa sai ya leƙa aji uku, ya duba kusurwar allo.

A saman allon akwai wata lamba da ya rubuta da fenti: ɗaya-ɗaya har guda goma sha tara a jere. Ya ce masana sun tabbatar babu lambar da ke raba ta daidai, sai ɗaya da ita kanta. Amma bai yarda mu haddace maganar masana kawai ba. Duk ɗalibin da zai gama aji uku sai ya ba shi tasa lambar, ya fito gaban allo ya raba doguwar lambar da ita da hannunsa, a rubuta sunansa da abin da ya saura a wani tsohon littafi. Ni talatin da bakwai na samu. Na yi gumi har rigata ta jiƙe, ƙarshe ɗaya tak ta saura. Na ce, "Malam, ɗaya ce fa, a yafe mini ita mana." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗaya ma saura ce, Shitu. Rubuta."

Shekara biyu da suka wuce layi ya zo kan Kausar, yarinyar da ta fi kowa kai a ajinsu. Ranar Juma'a ta fara nata, ta kai rabi aka kaɗa ƙararrawa, ta ce Litinin za ta ƙarasa. Ranar Asabar da hantsi 'yan bindiga suka zo gonakin masara kan babura, suka kwashe mutum goma, har da Kausar. Bayan wata uku tara suka dawo. Kausar har yau babu labari.

Malam ya sami farar leda ya rufe rubutunta, ya buga ƙusa a kowace kusurwa. Ajin da ke cika da yara sittin ya koma goma sha biyu, iyaye sun gudu Funtua da Malumfashi, wasu malamai sun nemi canjin wurin aiki. Shi bai fasa zuwa ba. Da aka kawo masu fenti bara, shugaban makaranta ya ce a yi haƙuri a goge rubutun, ai mutane sun ce sauran duk sun dawo. A gaban masu fentin Malam ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, saura ɗaya. Aikin ɗaliba ne, ba ta gama ba." Suka fente ko'ina suka bar kusurwar.

Kai ne, Malam, ka hana mu saba da rashinta. Ina faɗa da kunya, mu mun fara sabawa.

Mahaifiyarta Tasalla ba ta iya karatun boko ba, amma duk ranar kasuwa takan biyo ta tsaya gaban ledar, don babu sauran rubutun 'yarta a ko'ina sai nan. Da ta ji zancen ritayar ta zo hankali a tashe.

"Malam, in ka tafi za su goge."

"Gwamnati ce ta sallame ni, Tasalla, ba Kausar ba. Kullum zan zo."

"In ta dawo ta manta lissafin fa?"

"Sai mu ɗora daga inda ta tsaya."

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Mu da sunayenmu ke cikin littafin nan, mu karɓe shi tsaron allon, domin ƙafafunsa sun fara gajiya da keke. A shafin ƙarshe ya riga ya rubuta sunan Kausar da lambarta. Gurbin amsar ne kawai ya bari.