Takarda Guda ga Kowane Mutum

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu na biyu ina saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ina zaune a gidan mahaifina a Adjamé. Fataucin goro ne ya kawo shi Abidjan daga ƙasar Damagaram tun ina goye. Na yi karatun allo, na kuma yi shekara huɗu a lakwal, makarantar Faransawa, don haka a unguwarmu ni ake kira in wasiƙa ta zo ko za a aika wata. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin.

Akwai wani tsohon malami mutumin Tawa, abokin mahaifina, da ke zaune a Treichville, ƙetaren ruwa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya riƙe hannuna, ya ce in biyo shi gida. Gidan nasa ɗakuna uku ne na langa-langa da tsakar gida mai yashi, da bishiyar mangwaro guda wadda ta fi gidan kansa girma. A ƙarƙashinta ya zaunar da ni.

Ya ce, "Ɗana, akwai magidanta a nan da suke son su iya rubutu. Sun taɓa allo suna yara, neman abinci ya raba su da shi. Ni idona ya yi rauni, kuma ban san rubutun Nasara ba. Ka tsara yadda za a koya musu, tsakar gidan nan naka ne daga la'asar zuwa magariba."

Na amsa tun bai rufe baki ba. Mako biyu na yi ina tsarawa. Abin da na sani shi ne yadda aka koya mini a lakwal, shi kuwa na kwaikwaya. Harafin boko ɗaya kowace rana. A zauna layi-layi. Ranar Alhamis a yi jarrabawa, wanda ya fi kowa ya dawo gaba, wanda ya kasa ya koma baya. Na samo katako na shafe shi da baƙin fenti, na roƙi guntayen alli wurin wani tsohon abokin karatuna. Da na karanta wa Malam tsarin, ya saurara har ƙarshe yana jan carbinsa, sannan ya ce, "To, gwada mu gani."

Mutum tara suka zo ranar farko. Akwai masu dako a bakin ruwa, da mai gadin wani kanti, da masu tireda. Biyu daga cikinsu ne suka fi zama mini a rai. Ɗaya mahauci ne a kasuwar Adjamé, ƙato mai fara'a, wanda muke shiga kwalekwale ɗaya da shi idan za mu ƙetaro. Ɗayan kuma dattijo ne mai sayar da goro, sa'an mahaifina, dogo siriri, ba ya yawan magana, kullum rigarsa fara tas kamar zai je sallar idi.

Na tsaya a gabansu da sanda a hannu ina nuna harafi, suna maimaitawa. Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Mutanen da suka ratsa ƙasashe da ƙafa, suka iya Julanci da yaren mutanen bakin ruwa ba wanda ya zaunar da su, ga su ina sa su ihun "a" da "be" kamar 'yan shekara bakwai. Alhamis ta farko na yi jarrabawa. Dattijon mai goro bai iya komai ba. Na ce, "Baba, sai ka koma layin baya." Ya dube ni, ya ɗauki buzunsa, ya koma. Ranar Asabar bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Kafin wata ya cika saura mutum uku, su ma na ga alama don nauyin Malam suke zuwa.

Na sami Malam raina a ɓace. Na ce mutanen nan ba su da himma. Na kawo shawara a sa kyauta, hula ko turare, ga wanda ya fi ƙoƙari. In hakan bai yi ba, shi Malam ya tsawata musu a masallaci, tunda ba mai ƙetare maganarsa.

Ya ce, "In na tsawata za su zo, su zauna, su tashi kamar yadda suka zo. Hula kuwa kowannensu yana da ita. Ka taɓa tambayarsu abin da ya kawo su?"

Na ce, "Rubutu mana, Malam."

"Rubutun me? Je ka same su inda suke aiki. Kada ka tafi da sandar nan."

Na fara da mahaucin, don shi ne mai sauƙi. Na same shi yana sarar ƙashi, ƙudaje na tashi. Ya yi dariya ya ce shi ba ruwansa da "a" da "be". Mahaifiyarsa na can wani ƙauye kusa da Maradi, shekara goma sha ɗaya bai gan ta ba. Duk wasiƙar da ya sa aka rubuta mata, in an karanta masa sai ya ji kamar takardar komanda ce, wato Baturen mulki, gaisuwa jere-jere ba gishiri. Ya ce, "Ni so nake in tsokane ta yadda na saba. Akwai sunan da nake kiranta da shi tun ina yaro. Yaya zan faɗa wa mai rubutu wannan suna, yana kallona?"

Wasu daga cikin wasiƙun nan kuwa ni na rubuta su.

Dattijon mai goro ya fi wuya. Kwana uku ina zuwa rumfarsa, in gaishe shi, ya amsa, ya ci gaba da yayyafa wa goro ruwa yana juya shi a cikin ganye. A rana ta uku na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Mun daɗe muna tauna kafin ya yi magana. Ya ce yana da ƙane a gida, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun rabu da faɗa a kan gonar mahaifinsu fiye da shekara ashirin, kuma shi ne ya faɗi maganar da ba ta kamata ba. Ya ce, "Abin da zan faɗa masa ba zan faɗe shi a kunnen ɗan wani ba. Ko in rubuta da hannuna, ko in mutu da shi."

Na koma wurin Malam na ba shi labari, muka zauna muka sake tsarin daga farko. Kwana huɗu muka yi muna tufka da warwara, kuma waɗannan kwanakin su ne na fi kewa a duk rayuwata ta koyarwa. Shi yana jingine da mangwaron, ni ina zane a yashi da tsinke, matarsa na aiko mana da kunu.

Muka yarda a bar boko tukuna, a fara da ajami, tunda haruffan Larabci suna kwance a kansu tun yarinta, tashinsu kawai za a yi. Boko zai shigo ne a bayan ambulan kaɗai, don sunan gari da na mutum, yadda ma'aikatan gidan waya za su gane. Layi ya tashi, za a zauna a kewaye a kan tabarma, ni ma a zaune. Jarrabawa ma ta tashi. Darasin farko shi ne kowa ya rubuta sunan wanda yake son aika wa wasiƙa. Malam ya kawo shawarar a haɗa su biyu-biyu, mai saurin ganewa da mai jinkiri, amma kada a faɗa musu dalilin haɗin.

Takarda ta yi wuya saboda yaƙi, jiragen ruwa ba sa kawo kaya yadda suka saba. Malam ya shiga ɗaki ya fito da wasu fararen takardu da ya daɗe yana ɓoyo don wani littafi da ya so kwafa, idonsa bai bar shi ba. Ya ƙirga tara. Ya ce a nuna musu tun ranar farko, kowa ya san akwai tasa tana jiransa, koyo kuma a yi shi a allo da yashi.

Abu ɗaya muka yi gardama a kai sosai. Ni na ce dole a sa ranar gamawa. Malam ya ce babba ba a kora shi, a bar kowa da saurinsa. Na ce, "Malam, in ba rana, Baba mai goro zai shekara yana gyara harafi ɗaya don tsoron abin da zai rubuta." Na gaya masa akwai wani falke abokin mahaifina da zai hau jirgin ƙasa zuwa Bobo bayan damina, daga can ya bi mota zuwa gida, kuma zai iya kai wasiƙun hannu da hannu. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka fi ni gaskiya. Ai ba mu muka kore su ba ke nan, jirgi ne." A iya sanina wannan ne karo ɗaya da na kayar da shi a magana.

Mutum takwas suka dawo. Damina ce, ruwan Abidjan kuwa ba ya sallama. In ya sauko mu kwashe tabarmi mu cusu a zaure, ƙarar langa-langa ta hana mu jin juna, sai kowa ya duƙufa a kan allonsa. Ina iya jin warin tawada da jiƙaƙƙen yashi har yau. Mahaucin ya riƙe alƙalami kamar wuƙa, ya karya uku a mako na farko. Shi muka haɗa da dattijon, kuma abin mamaki dattijon ne ya zama mai saurin. Da hannunsa ya saba sai ga rubutu siriri mai kyau. Na taɓa jin sa yana ce wa mahaucin, "A hankali, ba sa kake fiɗa ba." Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Ana saura mako guda falken ya tashi, Malam ya raba takardun. Mahaucin ya rubuta tasa yana dariya shi kaɗai, ya cika ta ciki da baya. Dattijon ya ɗauki tasa ya koma gindin katanga, ya ba mu baya. Yini uku yana zuwa yana zama a nan. Da ya gama ya naɗe ta da kansa, ya miƙo mini don in duba bayan ambulan kawai.

Sai jira. Muka ci gaba da haɗuwa, amma hankalin kowa na arewa. Bayan wata biyar falken ya dawo da amsoshi shida, a nan ne muka gane abin da muka manta a tsarinmu. Mun koya musu rubutu, kowa ya saba da hannunsa da nawa, amma ba mu koya musu karanta hannun wani ba. Malaman ƙauye kowa da irin jan alƙalaminsa. Mahaucin bai damu ba, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji, tsohuwar ta rama tsokanar har da ƙari. Dattijon kuwa ya sa tasa a aljihu.

Washegari ya zo da allonsa. Ya kwafo kalma ɗaya daga wasiƙar, yadda ya gan ta, ya ce, "Ɗana, mene ne wannan?" Na ce, "Rijiya." Ya gyaɗa kai ya tafi. Kashegari ya kawo wata. Haka muka yi kwana goma sha biyu, kalma ɗaya ko biyu a rana, ba a jere ba, don kada in haɗa zancen. Na tuna akwai "jikoki", akwai "idona", akwai "kaka". Ban taɓa sanin abin da wasiƙar ta ce ba, ban kuma tambaya ba. Bayan kwana goma sha biyun ya sallamar da rumfarsa ga wani ɗan garinsu, ya ce gida zai koma. Mu takwas muka raka shi tashar jirgin ƙasa, har da Malam da sandarsa. Da zai hau ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce, "Malam ƙarami, Allah ya yi maka albarka."

Malam ya rasu a daminar da ta biyo baya, bayan gajeriyar jinya. Iyalinsa suka koma Tawa, gidan ya shiga hannun wasu. Na ci gaba da koyar da manya shekaru masu yawa, a Adjamé da wasu wurare, a ɗakuna masu benci da taga. Na tsara darussa da yawa, amma ban sake samun wanda zan zauna da shi mu yi gardama a kan yadda za a koyar ba, kuma kowane sabon tsari na fara sai na ji rashinsa.

Wata uku bayan rasuwar, wani baƙo ya same ni a bakin ruwan Treichville ina jiran kwalekwale, ya ba ni wata 'yar takarda. Siririn rubutun nan ne. Layi huɗu ne kacal. Ya ce ya isa lafiya, gero ya yi kyau bana, shi da ƙanensa suna zama a ƙofar gida da hantsi. A ƙarshe ya ce in gaida Malam, in gaya masa yanzu shi ke rubuta wa mutanen unguwarsu wasiƙa, amma yana fara tambayarsu ko suna son su koya.

Kwalekwalen ya zo ya cika ya tafi ban shiga ba. Na zauna a kan wani gungume ina kallon hanyar da ke zuwa gidan Malam, har aka kira sallar magariba.