Maiwada Tela da Layin Safiya

A gidan hayar da na zauna a unguwar Fadikpe, shekarun da aka fara ɗibar sojoji su tsare layin shiga mota, masai ɗaya ne gare mu, kuma Maiwada tela ne ya fi kowa daɗewa a cikinsa. Mutum ne mai tsabta da son girma. Kekensa na ɗinki sabo, rediyonsa ya fi na kowa murya, abincinsa burodi da farar shinkafa da tsire. Amma cikinsa kullum a kumbure kamar ganga, bayan gida sai ya yi da gaske. Da ya ɗauki buta, sai mata su fara tsaki, yara su ce Baba ya tafi Zungeru. Wannan tsokana tana ci masa rai ƙwarai.

Ɗakin da ke kallon nasa na Shekwolo ne, manomi, wanda ke shiga masai ya fito yana fito da baki kafin ka gama ɗaura zani. Ban taɓa ganin hassada irin wadda Maiwada ya yi wa bawan Allahn nan ba. Bai kula da doyarsa ba, bai kula da 'ya'yansa ba, fitowar nan kawai ke tsaya masa a wuya. Abincin Shekwolo kuwa, zogale da rama da gwanda da tuwon dawa, Maiwada ya sa masa suna abincin awaki.

Da kumburin ya hana shi zama a kan keke ana gab da Sallah, sai ya fara leƙen kwanon Shekwolo ta taga, ya sa matarsa Larai ta dafa irinsa a ɓoye. Ya samu sauƙi kaɗan. Shekwolo ya gano, domin ƙamshin rama ba ya ɓuya.

"Maiwada, ganye kaɗai ba zai yi ba," in ji shi. "Kai kana zauna tun safe, kana faɗa da masu kaya, ruwa ma ba ka sha. Ciki yana jin fushi. Zo mu tafi gona."

Ya bi shi, wai don ya ga ƙaryarsa. Suka riƙa takawa da yamma ta hanyar Bida, ya rage karɓar ɗinkin da ba zai iya gamawa ba, ya ajiye tulu kusa da keke. Tumbin ya sace, fuskarsa ta saki.

Burinsa ɗaya ne, gidan nan ya gani da idonsa. Wata safiya ya ɗauki buta tana ƙara, ya shiga, ya fito nan da nan, har da ɗan fitonsa da ya koya. Tsakar gida wayam. Mun riga mun saba, da mun ji butarsa sai mu watse gidan maƙwabta. Ni ma ta taga na hango shi, kuma ya ba ni tausayi.

Shekwolo kaɗai ke tsaye yana jira. Ya ce masa sannu, ya shiga, ya fito tun Maiwada bai ajiye buta ba.

Maiwada ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a hankali, "Tsakaninka da Allah, me kuma kake ci da ba ka nuna mini ba?"