Ranar da Iya Ta Kashe Wutarta

A ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa, ba ka isa ka yi tari a gonarka maƙwabcinka bai ce maka sannu ba. Haka muka taso muka tarar. Gona na jingine da gona, gida na jingine da gida, ba abin da ke raba su sai layin gamba ko 'yan itatuwan lalle. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, da ya rasu aka yanka ta tsakanin Baba da ƙannensa, kowa ya tashi da siririn yanki mai tsawo kamar an warware rawani. Duk shekara ana suna, ana ɗaura aure, ana ƙara ɗaki, ƙasar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba.

A cikin wannan matsin Iya Fanna, mahaifiyar Baba, take riƙe da 'yar sarautarta: ɗaki guda, murhu a ƙofarsa, da garka a bayan darni inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Babarbariya ce, a bakin uwarta ta koyi magana, har ta tsufa Hausarta ba ta gama miƙewa ba. Mu yi ta kwaikwayonta, ta biyo mu da muciya, ba ta taɓa kama ko ɗaya ba don dariya ke cin ƙarfinta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuma ta ce Takwara.

Wutar Iya ba ta mutuwa. Kafin ta kwanta za ta binne garwashi a toka, da asuba ta tona. Gari na wayewa yaran unguwa za su fara shigowa da kasko, an aiko su ɗibar wuta. Wasu matan kan yi tsaki idan aka dame su da sassafe, Iya kuwa sai ka ce an kawo mata goro. Ta tambayi yaro lafiyar uwarsa, ta zaɓar masa garwashi mai rai, ta bi shi da kashedi kada ya yi gudu. A bakin wannan murhun muke taruwa bayan sallar isha, mu jikoki da na maƙwabta. Ta ƙara kara, ta jira ya kama, sannan ta ce, "Wuta ta tashi, bakina ma ya tashi." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Mun matso, Iya!"

Wata shekara da bazara wani mutum ya sauka a zaurenmu, Malam Bukar, da matarsa Hauwa da 'ya'yansu ƙanana. Daga can arewa maso gabas suka taho, wajen garin su Iya. Rijiyarsu ta ƙafe, rairayi ya hau gonaki, mutane suka yi ta tashi gida gida har ya rage ba wanda zai bi shi salla. Abin da yake roƙo bai wuce wurin kafa ɗaki da 'yan kunyoyin da zai jefa gero ba. Mai unguwa ya zagaya da shi, kowa ya ba shi haƙuri, kuma ba rowa ba ce, babu ne. Aka ƙare a kan Baba, don gefen gonarsa ne ya taɓo bayan gari. Ina kai ruwa zaure na ji Baba yana cewa, "Malam, wallahi mun yi yawa. Abin da nake nomawa ba ya kai mu kaka. Ka ba ni zuwa gobe." Duk wanda ya san Baba ya san goben nan a'a ce. Hauwa tana tsakar gida ta riga ta fara ɗaure kayansu.

Baba shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da shi. Sai dai a wannan maraicen ta sa na janyo tabarmarta kusa da zanar da ta raba mu da turakarsa, inda yake zaune yana gyara ƙotar fartanya. Ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce a wani gari mai cike da mutane akwai wata mace da hayaniya ta ishe ta. Yara su tattake mata shanya, awakin maƙwabta su ci mata dusa, ga masu ɗibar wuta tun duku-duku. Kullum addu'arta Allah ya rage mata jama'a ta sha iska. Sai fari ya zo. Gidan gabas suka tashi, ta haɗa gonarsu da tata, ta ji daɗi. Gidan yamma suka bi, ta ƙara faɗi. A haka a haka har ta wayi gari ita da goyonta ne kaɗai a garin, gona iya ganinta duk tata. Da ruwa ya dawo ta cika rumbu maƙil. Ran nan aka kwana ana ruwa, ɗaki ya yi yoyo daidai kan murhu. Da safe ta tona toka ta ji sanyi ƙalau.

A nan Iya kan rage murya, amma ranar ba ta rage ba. Ta ce matar ta ɗauki kasko ta shiga gidan gabas ta yi sallama, shiru. Gidan yamma, shiru, sai ƙadangaru a kan murhu. Ta zagaye garin kaf ba inda hayaƙi ke tashi. Ga hatsi fal, amma jiƙa shi take yi ta tauna ɗanye ta ba yarinya. Da ta ga yarinyar ta fara ramewa, ta saɓa ta a baya, ta bar rumbu da gonaki, ta miƙi hanya da kasko a hannu. Ta yi ta tafiya har ta hango hayaƙi. Garin da ta iso kuwa a matse yake, ko jaki da mangala sai ya karkace yake wuce lungu. Ta tsaya a ƙofar wani gida ta miƙa kaskon. Maigidan ya dube ta, ya dubi goyon, ya ce, "Baiwar Allah, in na ba ki wutar ina za ki hura ta?" Ya ɗauki fartanya ya tuge gambar gonarsa, ya ce ta kafa murhu a nan.

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, yarinyar ta rayu?"

"Ta rayu mana, ga ta tana ba ku labari." Ta tura kara cikin wuta. "Maganar mugun hali ni na ƙara don tatsuniya ta yi daɗi, uwata ba ta taɓa ƙin mutane ba. Amma kasko gaskiya ne. Ɗakin nan da aka haifi wani a ciki, da can gero ne a wurin. To, ta ƙare a nan, wuta dai kada ta ƙare."

Daga bayan zana muka ji ƙwanƙwasar ƙota ta tsaya.

Da gari ya waye Baba bai yi wa kowa bayani ba. Ya kira Malam Bukar suka nufi bayan gari, ya tuge gamba da hannunsa ya mayar da ita ciki. Iya ta ce a haɗa da garkarta, wai dama kuɓewa ta fara gundurarta, matar da ba ta iya cin tuwo sai da miyar kuɓewa. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. A shekarar rumbunmu ya ƙare da wuri, Baba ya tafi kasuwar Dawanau dakon buhuna har damina ta kusa, ya dawo kafaɗunsa duk kanta. Ban taɓa jin ya yi mita ba, kuma har gobe ina jinjina masa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne safiyar farko da su Hauwa suka kwana a sabuwar bukkarsu. Na fito na tarar da Iya tsugune, ta tona garwashinta jajir, ta ɗauki buta ta tuttula masa ruwa. Na ce, "Iya, lafiya?" Ta miƙo mini kasko. "Je ki gidan Hauwa, ki ce wutata ta mutu, ta taimaka mini."

"Ai mu ya kamata mu kai musu."

"Takwara, kanki kamar na ubanki. Wanda kullum ake ba shi, baƙo ne. Je ki kawai."

Na tafi ina ƙunƙuni. Hauwa ta hura 'yar wutarta da kirare tana dama kunu. Da na faɗi saƙon sai ta tsaya tana kallona, ludayi a hannu. Ta zaɓo garwashi mafi girma, ta sa mini a kasko. Ta ce, "Na manta rabon da wani ya yi mini sallama yana neman wuta." Ta juya tana goge ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne. Hauwar nan ita ta yi jinyar Iya a ciwonta na ƙarshe, ita ta yi mata wanka.

Yau ƙauyen namu ya kusa haɗewa da titi, gidajen bulo sun hau inda muka yi roron gyaɗa. Nakan ji a rediyo ana muhawara, wai jiha kaza ta cika ta batse, yanki kaza ya zama kufai, kowa na neman ƙidaya ta fifita nasa. Ni idan ana wannan zance, kasko nake gani. Mutanen da suka ragu a can su ne suka ƙaru a nan, kowannensu ya bar murhu mai sanyi a bayansa.

Juyin ya zo kanmu. Da aka raba gonar Baba, rabon Sani bai kai a juya garmar shanu a ciki ba. Bara ya kwashi matarsa Rabi da yaransu ya tafi Taraba, cikin mutanen da ko yarensu ba ya ji. Duk sanda ya kira sai ya hau ba ni labarin faɗin gona da kyan masara, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Tambaya ɗaya nake masa, ko wani maƙwabci ya taɓa aikowa neman wani abu a gidansa, yana dariya yana cewa na zama Iya. Shekaranjiya da yamma ya kira, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Ummi, albishirinki. Yau matar maƙwabcina ta aiko 'yarta wajen Rabi, wai gishirinsu ya ƙare."

Na ce, "Ta ba ta?"

"Har da daddawa."

Na ajiye wayar na yi alwala, na yi wa Iya addu'a. Sani ya samu gari.