Ƙyallayen da Usta Shahata Ya Ajiye

Shekara arba'in da ɗaya Usta Shahata (Usta laƙabin gwanin sana'a ne a wurinmu) ya yi yana rubuta wa mutanen garin Damanhur abin da suke so a karanta a kansu. Shagonsa na ƙarƙashin wani tsohon bene a layinmu, ƙanƙani ne, shi ya sa a bakin titi yake shimfiɗa farin yadi, ya danne gefuna da duwatsu, ya durƙusa da buroshi. Wanda ya dawo daga Makka, wanda ya buɗe shago, wanda ɗansa ya zama likita, duk sai sun biyo ta hannunsa. Amma kakar cinikinsa ita ce lokacin zaɓe. A wurinmu mutum ba ya goyon bayan ɗan takara a zuci ya yi shiru. Sai ya sa an rubuta ƙyalle an ɗaura daga wannan baranda zuwa waccan, sunan ɗan takara a sama, nasa a ƙasa, har da na 'ya'yansa da irin sana'arsa. Sau tari sunan mai ƙyallen ya fi na ɗan takarar girma, kuma babu wanda ya taɓa jin kunyar haka.

Shahata bai taɓa tambayar kowa dalili ba. Cewa yake hannunsa ba shi da jam'iyya. Shi ke hawa tsani ya ɗaura, in zaɓe ya wuce shi ke hawa ya kwance, domin masu ƙyallen ba su ƙara waiwayarsa. Sauran masu sana'ar sukan sayar wa masu ɗinkin katifa, shi kuwa bai iya ganin almakashi ya ratsa rubutunsa. Sai ya ninke ya jibge a ɗakin bayan shago. Matarsa Bahiga ta yi mita har ta gaji, tana cewa ya tara wa ɓeraye makaranta.

Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Shahata ba shi da ɗan'uwa a garin. Abin da yake da shi a madadin ɗan'uwa shi ne Haj Dardiri mahauci, mai shago a bakin layi, ƙaton mutum mai muryar da ake ji daga tashar jirgi. Shekara talatin suna buga domino bayan la'asar a teburi ɗaya na gidan shayi, suna zagin juna. Ranar da mahaifin Dardiri ya rasu, Shahata ne ya tsaya a gefensa a ƙofar rumfar ta'aziyya yana karɓar hannun mutane, kamar ciki ɗaya suka fito.

Sai tsohuwar gwamnati ta faɗi, aka zo zaɓen shugaban ƙasa na farko da ba a san sakamakonsa tun kafin a yi ba. Zagaye na biyu ya rage mutum biyu, ɗaya alamarsa a takardar ƙuri'a fitila, ɗaya bishiyar dabino. 'Yan Fitila suna cewa 'yan Dabino ragowar azzalumai ne, 'yan Dabino suna cewa 'yan Fitila za su mai da ƙasar kurkuku. Gidan shayi ya rabu biyu, aka sayo talabijin ta biyu, kowane ɓangare na kallon tashar da ke gaya masa shi ne ke kan gaba. An fasa baiko biyu a layinmu. Mutum ya hau tasi, kafin ya faɗi inda za shi direba ya tambaye shi wa zai zaɓa. Yawancinmu ba son namu muke ba, tsoron na wancan muke, kuma tsoro ya fi so sa mutum rashin mutunci.

Haj Dardiri ya shiga Fitila da ƙarfinsa. Ya bar gemu, ya riƙa ba da labarin irin wuyar da ya sha a hannun tsohuwar gwamnati, wai shekara talatin bai taɓa sunkuya mata ba. Mu da muka san shi muka haɗiye dariya. Shahata ya rubuta masa ƙyalle uku. A makon kuma Dakta Nasif mai kantin magani ya kawo aikin ƙyallen Dabino, ya rubuta masa shi ma, yadda ya saba.

Dardiri ya same shi a durƙushe a kan yadin, fenti bai bushe ba.

"Me nake gani haka, Usta?"

"Aiki kake gani, Haj. Matsa kar ka taka mini."

"Da hannun da ka ci hantata shekara talatin kake rubuta sunan wannan?"

"Hantar taka ai rabinta jijiya ce. Je ka, in na gama zan zo in lallasa ka a domino."

Dardiri bai yi dariya ba. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce yau dai munafuki ya fito fili, wanda duk ya ƙara zama da Shahata ya san ɓangaren da ya zaɓa. Shahata ya ɗauka zafin rana ne, gobe zai huce.

Kwana huɗu bayan haka Bahiga ta faɗi a kicin tana dafa wake, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Aka kafa rumfa a titi bayan la'asar, aka jera kujeru, mai karatun Alƙur'ani ya hau gadonsa, mai gahawa ya ɗora tukunya. Shahata ya tsaya a ƙofa shi kaɗai, ya bar gurbin mutum ɗaya a damansa. 'Yan Dabino suka zo a gungu, kowa da hoton ɗan takara a ƙirji, suka zauna suna cacar baki kan ƙuri'un ƙauye har mai karatu ya tsaya ya harare su. 'Yan Fitila kuwa ko ɗaya. Mutanen da Bahiga ta yi wa matansu zaman jego, ta raini 'ya'yansu, suka riƙa zagayawa ta bayan layi don kar a gan su. Daga inda yake tsaye Shahata na hango Dardiri a ƙofar shagonsa yana wasa wuƙa, bai ko juyo ba. Har aka kwance rumfa gurbin nan babu kowa.

Bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma abin ya hana shi ci, ya hana shi salla da natsuwa. Abin da aka yi masa bai dame shi ba kamar abin da aka yi mata. Matar da ba ta san Fitila ba balle Dabino, an bar ta ta tafi ba tare da mutum ɗaya na gidan Dardiri ya buɗe baki ya ce Allah ya ji ƙanta ba. Ya rantse sai wannan kalmar ta fito daga bakin Dardiri, kuma sai ta fito da zafi.

Ana saura kwana uku zaɓe, labari ya bazu cewa manyan 'yan Fitila na jiha za su zo layinmu bayan sallar Juma'a, su naɗa Haj Dardiri shugaban kwamitin unguwa, a matsayin mutumin da bai taɓa sayar da kansa ba. Dardiri ya yanka ɗan maraƙi.

Da hantsin Juma'a Shahata ya fito da tsaninsa da ƙullin yadi a kafaɗa. Wa zai tambayi mai ƙyalle don ya ga yana ɗaura ƙyalle? Wasu ma riƙe masa tsani suka yi. Ya bi layin daga farko har ƙofar mahauta, ya ɗaura goma sha ɗaya, kowanne a naɗe, an ɗaure shi da zare mai zargen da ja ɗaya ke kwancewa. Haka ake yi in ana so a buɗe ƙyalle a gaban baƙi, don haka Dardiri da ya hango ya ce wa mutanensa, "Kun gani? Tsohon ya dawo hayyacinsa."

Baƙi suka iso, aka zazzauna, mai lasifika ya fara jero kirarin Dardiri. Shahata ya taho a tsakiyar titi da doguwar gora, ba gaggawa, yana jan zare ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya sauko, ya yi rawaya don tsufa: Haj Dardiri mahauci da 'ya'yansa na mubaya'a ga shugaba da ransu da jininsu. Na biyu yana taya jam'iyyar da ta faɗi murnar nasara. Na uku yana roƙon shugaba ya zarce har abada. Akwai na yi wa shugaban 'yan sandan yanki barka da zuwa, wanda rabin baƙin nan sun kwana a hannunsa. Kowanne da shekararsa a kusurwa, domin Shahata bai taɓa barin aiki ba kwanan wata. Babu harafi ɗaya na ƙarya a ciki, kuma abin da ya sa ya yi ciwo ke nan.

Lasifika ta mutu. Daga ɓangaren 'yan Dabino wani ya fashe da dariya, sai gidan shayi gaba ɗaya ya ɗauka. Babban baƙon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya shiga mota bai taɓa naman ba.

Dardiri ya yo kan Shahata, jijiyoyin wuyansa a miƙe. "Kai! Duk layin nan wa bai rubuta irin wannan ba?"

"Babu," in ji Shahata. "Na kowa na nan a ɗaki. Naka kawai na fito da su."

Nan take dariyar ta ragu, domin kowa ya tuna da nasa.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Dardiri da ya koya wa layi ƙaurace wa mutane, shi aka ƙaurace wa. 'Yan Fitila suka ce ɗan leƙen asiri ne, 'yan Dabino suka ce maci amana ne, nama ya riƙa kwana a rataye. Yara na bin 'ya'yansa suna rera "da ransu da jininsu". Shahata na zaune a ƙofar shago yana kallo, kuma in ce muku ya ji tausayi, na yi ƙarya. Daɗi ya ji har cikin ƙashinsa. Shi ma daga ranar babu wanda ya ƙara kawo masa aikin zaɓe, bai kuwa damu ba. Ranar ƙuri'a ko rumfar zaɓe bai leƙa ba.

Ranar da aka sanar da sakamako, rabin gari na harba wasan wuta da rana tsaka, rabi sun rufe tagogi, Dardiri ya zo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya a bakin shago ya yi ƙasa da murya.

"Usta, Allah ya ji ƙan Bahiga."

"Ban ji ba."

"Na ce Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri."

"Ni ka yi wa laifi da za ka gaya mini? Wuce mu je."

Ya sa shi a gaba, suka ratsa layin, suka bi ta kasuwa, mutane na tsayawa suna kallo, har maƙabarta. A gaban kabarin Dardiri ya durƙusa da ƙyar, ya karanta Fatiha. Ya ce, "Ki yafe mini, 'yar'uwa. Na ci abincinki, na ƙi raka ki." Sai ya fashe da kuka irin na manyan maza, mai munin ji.

Da ya lafa ya ɗago ya miƙa hannu. "Shi ke nan, Shahata?"

"Tsakaninka da ita, ita ta sani. Tsakanina da kai kuwa, ko gawata ka gani a titi ka tsallake."

Ya bar hannun a miƙe ya juya.

Ya dawo gida da sauri kamar saurayi, bakinsa cike da labari: yadda ƙaton ya durƙusa, yadda majina ta zubo masa a gemu, yadda mai sayar da lemo ya saki baki. Ya hau bene, ya buɗe ƙofa, ya tsaya. Mutum biyu ne a duniya yake ba labari, kuma duka biyun yanzu ya baro su a maƙabarta. Ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa, har aka kira magariba bai cire ba.