Yadda Muka Yi wa Gwamnan Inji Wayo

Baba ya yi ritaya daga aikin injiniya, amma kunnensa bai yi ba. A gidanmu na Nassarawa akwai wani tsohon janareta mai shan gas a bayan kicin, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kuma Baba ya kafa masa doka: idan an ɗauke wuta aka tayar da shi, ba a kunna dutsen guga.

Abin da ya ɗaure mana kai, ni da Umma, shi ne yadda yake kama mu. Yana falonsa, mu muna can ɗakin baya, amma da na jona dutsen sai mu ji muryarsa: "Wa ke guga?"

Wata rana da hantsi na same shi yana goge injin, na tambaye shi ko duba yake yi. Ya yi dariya, ya nuna mini wani ƙaramin akwatin ƙarfe a jikin famfon mai.

"Wannan shi ne gwamna," in ji shi. "A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu juyawa tare da injin. Idan kin ɗora masa kaya, gudunsa ya ragu, sai ƙarafan su dawo ciki, wani sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa, ya tura wata sanda, famfo ya ƙara feshin mai. A nan za ki ji ya yi gurnani. Idan kin sauke kaya, gudu ya ƙaru, ƙarafan su buɗe waje, su rage man. Shi ke kawo mini rahoto."

Na kwashe bayanin kaf na kai wa Umma. Tana tankaɗe gari, ta ce, "To, ai nauyi yake ji, ba sunan kayan ya sani ba. Idan aka cire masa wani a daidai lokacin da aka ɗora wani fa?"

Haka muka fara. Umma ta tsaya a gindin firiza da famfon da ke tura ruwa tanki, ni ina riƙe da wayar dutsen. Ta ɗaga gira, ta kashe nata, na jona nawa. Injin ko tari bai yi ba. Ranar har mayafan zuwa biki a Tudun Wada muka goge, Umma na danne dariya da bakin zaninta.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne dutsen guga yana kashe kansa idan ya yi zafi, ya kuma kunna idan ya huce. Injin ya riƙa sauka yana hawa kamar mai munshari. Mun yi kwanaki muna jin daɗi, mun ɗauka Baba bai lura ba.

Wata Asabar sai ga shi a ƙofar ɗaki, jarida a hannu. Ya dubi Umma da hannunta a kan makunnin firiza, ya dube ni.

"Dabarar ta yi kyau," ya ce. "Ta wa ce?"

Umma ta ce, "Alhaji, kai ka koyar, mu muka yi aiki da ilimi."

Ya ce tun ranar farko ya gane, ya bar mu ne don ya ga iya gudun ruwanmu, sai dai naman da ke firiza ya fara ba shi tausayi. Sannan ya koma ɗakinsa ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, ya ajiye mini a kan tabarma.

"Tunda an riga an kashe firizar," ya ce, "a fara da wannan. A kula da aikin wuyan."

Umma ta ce sai an gama mayafanta, ya ja kujera ya zauna jira.