Makirufon da Ban Dasa Ba a Tudun Kaya

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina sana'ar haɗa kayan sauti tsakanin Karaye da Rogo. Ni na fara kawo sabon tsarin nan yankinmu, wanda ba sai ka ja wa kowace lasifika wayarta daga amfilifaya ba, murya ta cikin wayar intanet take bi, kowace lasifika da kowane makirufo da lambarsa, kana zaune gaban kwamfuta kana ganinsu a jere, ka tura magana inda ka ga dama.

Wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba, ya gina makarantar kwana wajen Tudun Kaya, ya ba ni aikin haɗa ofis da azuzuwa da masallaci. Na haƙa rami na binne wayoyina, na dasa makirufo ɗaya a ofis, ɗaya a masallaci. Ranar gwaji, bayan azahar, rana tsaka, na buɗe kwamfuta sai na ga makirufo na uku. Na ce ikon Allah, wannan kuma daga ina? Na sa abin sauraro a kunne, sai na ji ƙarar fartanya tana cin ƙasa, da numfashin tsoho, irin na wanda ya gaji. Na zaga makarantar kaf, babu mai noma, ko'ina siminti ne. Na goge lambar, na ce tangarɗar na'ura ce.

Ranar buɗe makaranta an cika, ga wakilin hakimi, ga dagatai, ga iyayen yara. Alhaji ya karɓi makirufo ya yi sallama ke nan sai muryarsa ta ɗauke, wata ta maye gurbinta a duk lasifikokin, a hankali, ba faɗa ba ihu:

"Ɗanjuma, ai cewa ka yi za ka bari in cire gyaɗata tukuna."

Wallahi na ga manyan mutane suna sunkuyar da kai. Na ruga na zare wayoyin, na kashe wutar sola gaba ɗaya, fankoki suka tsaya, amma muryar sai da ta ƙarasa: "Ko kwando ɗaya ba ka bar min ba."

Alhaji ya nuno ni da yatsa. "Kai ne! Su wa suka turo ka ka tozarta ni?"

"Ranka ya daɗe, ni ban ma san ana ce maka Ɗanjuma ba," na ce masa, amma ina! Nan take ya sa aka tafi da ni ofishin 'yan sanda aka tsare.

A can ne wani dattijo, Malam Iro, mai yi wa dagaci hidima, ya leƙo ni. Ya ce muryar Baba Tanko ce, ƙanin mahaifin Alhaji, mai gonar da aka yi ginin a kai. An sa motar rusau ta bi ta kan gyaɗarsa tana dab da nuna, bai sake ganin wata damina ba ya rasu, kuma mutumin da ko waya bai taɓa riƙewa ba, wa zai naɗi muryarsa?

Na ce, "To Baba, ku faɗa musu mana, tunda kowa ya gane ta."

Ya kau da kai. "Yaro, mu a garin nan muke kwana. Ka yi haƙuri."

Haƙurin ke nan har yau. Mutum ɗaya bai buɗe baki ya ce ba ni ba ne. Da aka sake ni, masallatan da na yi wa aiki shekara da shekaru suka daina kirana, aka ce ni ne mai saka muryar matattu a lasifika, har matata sai da ta daina shiga gidan biki. Yanzu gyaran wayar salula nake a kasuwar Rogo.

Bayan wasu watanni wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wani injiniya ne da Alhaji ya ɗauko daga Kano, ya tone wayoyina duka ya sa sababbi. Ya ce, "Malam, don Allah wane tsoho ne a layin nan? Tun safe yake tambayata wai an saki yaron nan mai waya kuwa, ba shi da laifi."

Duk taron nan na masu rai, ashe marigayi Baba Tanko kaɗai ne ya tambayi halin da nake ciki.

Ni dai ban san mene ne ba, ban kuma je na tambayi kowa ba. Amma ku masu sana'a irin tawa, kafin ku haƙa ƙasa ku binne waya, ku tambayi ta wace ce, kuma yaya aka yi ta bar hannunsa.