Likitar da ta hana a ƙara wa Baba ruwa

Ina buɗe shago da safen nan waya ta shigo: Likita Zara ta rasu. Na ce wace Zara? Aka ce ta irjans, ɗakin gaggawa na asibiti, mai ƙaramar na'urar nan. Jinyar kwana biyu, wai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban fito da kaya waje ba.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, bido, wato jarkar ruwa, da bokiti da tiyo. A Damagaram mai sayar da abin zuba ruwa ba ya rasa na cefane, balle a shekarun fari. To a shekarar da gero ya bushe tun bai yi kai ba na san wannan baiwar Allah.

Daga ƙauyenmu Tirmini aka kawo mini Baba. Kwana huɗu bai ci abin kirki ba, leɓe a bushe, numfashi sama-sama, ba ya iya kwanciya sai dai ya jingina. A lokacin asibiti cike yake da masu zawo da waɗanda rana ta kayar, kowane gado da ledar serom ta ƙarin ruwa a rataye. Ni kuma ɗan kasuwa, na ce ba za a bar ni a baya ba. Tun kafin a rubuta mini komai na biya farmasi na sayo leda huɗu, na shiga da su a hannu kamar mai kai gaisuwar sallah.

Kun san mu. Likitan da bai ƙara ruwa ba, a wurinmu bai fara aiki ba.

Likita Zara ta zo, ta gaida Baba har da rusunawa, ta saurari ƙirjinsa. Sai ta jawo wata na'ura a kan ɗan tebur mai taya, ta ɗaga masa riga, ta matsa masa wani abu mai yauƙi a ciki.

Baba ya buɗe ido. Ya san abin, don an taɓa yi wa matar ƙanena.

Ya ce, "Lawali, wannan ba shi ne na masu juna biyu ba?"

Na ce shi ne, Baba, eko, na hoton ciki.

Ya ce, "To ka faɗa wa yarinyar nan ni na gama haihuwa."

Da ƙyar maganar ke fita, amma sai da ɗakin ya yi dariya. Ita ma ta yi. Ta ce, "Baba, in na ga tagwaye ni zan raɗa suna. Yi haƙuri ka ja numfashi."

Ta kira ni. Ta tambaye ni me nake sayarwa, na faɗa. Ta ce to aikinta ya yi sauƙi. Ta nuna mini wani baƙin layi mai faɗi a allon, ta ce babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ke nan. "Tiyon da ba ruwa ciki, in aka zuƙa yaya yake yi?" Na ce lotsewa yake. Ta ce, "Dubi wannan. Yana jan numfashi, ko motsi ba ta yi. Cike take fam." Ta mayar da abin kan haƙarƙarinsa, ga wasu fararen layuka suna saukowa. Ta ce ruwa ne ya fara taruwa a huhu. Zuciyar ce ta gaji, ba ta iya tura wanda ke jikin ma.

"In na rataya masa ledojin nan naka, a kan gadon nan zai nutse."

Ban yarda ba, gaskiya. Mutum ya fito daga garin da rijiya ta ƙafe, a ce ruwa ya yi masa yawa? Tana juya baya na lallaɓa wurin majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, na shiga yi masa daɗin bakin da nake yi wa mai sayen bokiti. Na ce ko leda ɗaya, Majo, don hankalin tsoho ya kwanta. Yana ta kallon bayana. Ashe Likita na tsaye a wurin.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam Lawali, nan ba a ciniki. Zo ka ga."

Gado na uku wata mata ce daga ƙauye, zawo ya zuƙe ta. A idona ita da Baba duk ɗaya, a galabaice. Da izinin matar ta ɗora na'urar. Jijiyar siririya, tana jan numfashi sai ta manne ta ɓace.

"Ga mai ƙishi. Mijinta ya tafi neman serom bai dawo ba. Za ka bayar, ko sai na taya?"

Na miƙa duka huɗun. Kunya ba ta bar ni na ɗaga kai ba.

Baba kuwa aka zaunar da shi, aka sa masa iska a hanci, aka yi masa allurar da ke sa fitsari. Kafin la'asar ya cika bokiti ƙarami, irin nawa na shago. Washegari ya kwanta ya yi barci, karo na farko a mako. Rana ta uku ya nemi fura, yana mitar ba a dama ta da kyau ba.

Bayan an sallame mu ba ta manta da shi ba. In maganinsa ya kusa ƙarewa ita ke fara tuna mini. Ta hana shi gishiri, ya ce ta raba shi da duniya, amma ya bi. Duk kaka sai ya aiko mata da gyaɗa, ko a shekarar da bai samu ta kirki ba.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne. Ta zo sayen bido biyu, ta ce famfonsu a unguwar Birni ya kwana shida bai ɗiga ba. Na ga ta rame, na ce Likita ke ma a duba ki mana. Ta ce sai layin marasa lafiya ya ragu. Ta ɗaura bidon a bayan babur, ta juyo ta ce, "Ka ce wa Baba ya daina ɓoye kumburin ƙafa a cikin wando. Na san halinsa."

Ban ma yi mata godiya yadda ya kamata ba. Ina ta surutun tsadar roba.

Allah Ya jiƙan Likita Zara, Ya gafarta mata, Ya shayar da ita daga tafkin Annabi. Ya ba mahaifiyarta da mijinta da 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata Fatiha.

Baba bai ji ba tukuna. Na hana a faɗa masa a waya. In an dawo daga maƙabarta zan hau mota zuwa Tirmini, in zauna kusa da shi in faɗa masa da bakina. Ku sa shi a addu'ar shi ma, don zuciyar ba ta da ƙarfi, kuma wadda ta san ta ba ta nan.